Kwandon fulawa na ratayewa a Bauchi: roba, waya, kasko ko ƙwarya?

Duk wanda ya yi niyyar rataye fulawa a barandarsa a garin Bauchi yakan tsaya ne tsakanin abubuwa biyar: kwandon roba na kanti, kwandon waya da ake shimfiɗa wa ɓawon kwakwa ko buhu, kaskon ƙasa a cikin ragaya, ƙwarya ko kwandon kaba, sai jarka da robar fenti da aka yanke. Ranar da aka rataye su, kowanne gwanin sha'awa ne. Bambancinsu sai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, ko daren da iskar farkon damina ta taso.

Fulawar da ke ƙasa saiwarta na bin danshi duk inda yake. Wadda aka rataye ba ta da komai sai 'yar ƙasar da ke cikin kwandon, iska kuma tana dukanta ta sama, ta gefe da ta ƙasa. Shi ya sa a nan ba da ido ake zaɓen kwando ba. Ana fara tambayar wa zai riƙa ba shi ruwa, kuma a ina za a rataye shi.

Abin da za a auna

Na farko kuma mafi girma, riƙon ruwa. Ruwan saman Bauchi yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, amma kusan duka tsakanin Mayu da Satumba yake sauka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, iskar da ke busar da wanki cikin awa guda ita ce ke busar da kwando. Daga Maris kuma bazara. Wato kusan wata bakwai ana neman kwandon da ke riƙe ruwa, sannan a watan Agusta a koma neman wanda ke zubar da shi da sauri, kada saiwa ta ruɓe. Babu kwandon da ya haɗa duka biyun, sai dai a gyara masa.

Na biyu, nauyi. Kwando mai faɗin santimita 30 yana cin ƙasa lita 6 zuwa 8. In ƙasar ta sha ruwa, nauyin yakan kai kilo 8 zuwa 10, ban da nauyin kwandon kansa. Wannan ba kayan da za a rataya a ƙusa ɗaya ba ne.

Sai ƙarko a rana da ruwa, sai kuɗi, na saye da wanda za a ci gaba da kashewa, sai haɗari: faɗowa kan mutum, sauro a ruwan da ya kwanta, da shukar da yaro ko akuya za su iya taunawa.

Kwandon roba

Shi ne mafi yawa a wajen masu sayar da fulawa na bakin titi da masu kayan roba a kasuwannin Wunti da Muda Lawal, galibi da ƙugiyarsa da 'yan igiyoyin roba uku. Ba shi da nauyi, kuɗinsa tsaka-tsaki, kuma ya fi kowanne riƙe ruwa don jikinsa ba ya tsatsafo. A hunturu ban-ruwa sau ɗaya a rana ya ishe shi, a inuwa ma sai ya kwana biyu.

Illarsa biyu. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwar da ke jingine da ita, don haka a ɗauki fara, ruwan ƙasa ko wani launi mai haske. Ta biyu, rana tana cin roba. Mai araha a shekara ɗaya zuwa biyu sai ta dushe, ta yi ƙamas, a taɓa ta ɓalle, kuma wurin da ke fara karyewa shi ne inda igiyoyin suka maƙale a baki. Araha ba ta ado. In za a saya, a matsa bakin da yatsu: wanda ya lanƙwashe ya dawo ya fi wanda ya yi tauri kamar faranti. Tun ranar farko a cire igiyoyin roban, a huda baki wuri uku, a sa siririyar sarƙa.

Da yawa suna zuwa da ɗan faranti maƙale a ƙasa. A rani yana da amfani. Da damina a cire shi, don ruwan da ya kwanta a ciki mako guda zuwa kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe, kuma saiwa na shaƙewa. In hudar ƙasan ɗaya ce, a gasa ƙusa a wuta a ƙara biyar ko shida masu faɗin fensir.

Kwandon waya

Wannan ne ake gani a hotuna, fure ya lulluɓe shi har ba a ganin ƙarfen, domin ana iya dasa shuka ta gefensa ba ta sama kaɗai ba. Shi ne kuma ya fi tsada in na kanti ne, ko da yake mai walda zai iya ƙera shi da siririn rodi a kuɗi ƙasa da haka. In an shafa masa fentin hana tsatsa, ƙarfen zai yi shekaru.

Matsalar tana ga shimfiɗar. An yi wannan kwando ne don ƙasashe masu sanyi da laima irin su Ingila. A nan ruwa na fita ta kowane gefe, a bazara sai an ba shi sau biyu, wani lokaci sau uku a rana, kuma yini ɗaya aka manta an yi asarar wata biyu. Shimfiɗar ɓawon kwakwa takan yi shekara guda, in tsuntsaye ba su tsige ta sun yi sheƙa ba. Buhun algarara da aka ninka biyu ya fi sauƙin samu, amma kafin damina ta fita ya ruɓe.

Gyaran da ke sa shi ya rayu a Bauchi shi ne leda. Bayan an shimfiɗa buhun, a bi cikinsa da leda mai kauri, a bar ƙasan da faɗin ƙaramin faranti ba huda don ya riƙe ɗan ruwa, sannan a huda gefe wuri takwas zuwa goma, santimita 3 daga ƙasa. Da haka ya koma kusan kwandon roba ta ciki, kyansa kuma yana nan ta waje. Da damina kam babu kamarsa, ruwa ba ya kwana a ciki.

Kasko a ragaya

Ragayar da iyayenmu mata ke rataye ƙoren nono a ɗaki ita ce dai ake sayarwa yanzu a intanet da wani suna da tsada. Kaskon ƙasa yana da abin da sauran ba su da shi: yana sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, domin ruwan da ke tsatsafowa ta jikinsa yana tafiya da zafi. A bazara, fulawar da ke kasko takan tsaya da ƙafarta lokacin da ta cikin roba ta langwaɓe. Da damina ma yana numfashi, saiwa ba ta saurin ruɓewa. Kuɗinsa a wurin maginan tukwane bai kai na roba ba.

Sanyin nan da ruwa ake biyansa. Kasko ya fi roba shan ruwa, bai kai waya ba: sau ɗaya a hunturu, sau biyu a bazara. Sai nauyi. Kasko mai faɗin santimita 30 da jiƙaƙƙiyar ƙasa zai iya haura kilo 12, in ya faɗo kuma ba gyara, in kan mutum ne abin ya wuce maganar fulawa. Gara a tsaya a mai santimita 20 zuwa 25.

A sa magini ya huda ƙasan kafin a gasa. In an riga an gasa, a jiƙa shi kwana guda, a kife shi kan yashi, a riƙa murza ƙusa a hankali, ba a buga ba. Sabon kasko a tsoma shi a ruwa ya kwana kafin a zuba ƙasa, in ba haka ba shi zai shanye ruwan farko ya bar shukar. Igiyar rama da ta kaba suna ruɓewa daga wurin da kaskon ke jiƙa su, ba a ankara sai sun tsinke. Igiyar nailan mai kaurin milimita 6 ta fi, a canza ta duk shekara don rana na cin ta. Wanda ya fi duka shi ne zoben ƙarfe da kaskon zai zauna a ciki, da sarƙa uku.

Ƙwarya da kwandon kaba

A ado ba a magana, musamman ƙwarya mai zane a zaure ko falo. Amma in aka zuba ƙasa kai tsaye, ƙwarya ba ta wuce damina ɗaya, kwandon kaba ma haka. A ɗauke su a matsayin riga: shukar tana cikin ƙaramar roba, robar tana cikin ƙwarya, an huda ƙasan ƙwaryar, an shafa mata banish ta waje. A cire robar a ba ta ruwa, ya tsane, a mayar. Na inuwa ne kawai.

Jarka da robar fenti

Kyauta ne ko kusa da haka. Jarkar lita 5 da aka yanke kafaɗarta, ko robar fenti ta lita 4, tana riƙe ruwa kamar kwandon kanti, kuma ta fi yawancin na araha kauri. A huda gefe santimita 2 daga ƙasa maimakon ƙasan, sai ya zama akwai ɗan ruwan ajiya. Jarkar manja ko man gyaɗa a wanke da toka da ruwan zafi. Wadda aka zuba maganin feshi ko baƙin mai kada a kusance ta, balle in na'ana'a za a shuka. Muninta kuwa na wata guda ne, in an sa shuka mai zubowa za ta rufe shi.

| Kwando | Kuɗi | Ban-ruwa a bazara | Nauyi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Roba | Tsaka-tsaki | Sau 1 zuwa 2 | Kaɗan | Shekara 1 zuwa 3 a rana | Karyewar baki, sauro a faranti |
| Waya | Mafi tsada | Sau 2 zuwa 3 | Kaɗan | Ƙarfe shekaru, shimfiɗa shekara 1 | Bushewa cikin yini ɗaya |
| Kasko | Araha | Sau 2 | Mai yawa | Shekaru, in bai faɗi ba | Tsinkewar igiya |
| Ƙwarya ko kaba | Araha | Gwargwadon robar ciki | Kaɗan ƙwarai | Damina 1 zuwa 2 | Ruɓewa, gara |
| Jarka | Kusan kyauta | Sau 1 zuwa 2 | Kaɗan | Shekara 2 ko fiye | Ragowar abin da aka zuba a ciki |

Wace fulawa za a sa

A nan ne kuɗi suka fi salwanta. Jos ba ta da nisa, tafiyar kilomita 130 ce ko kusa da haka, kuma furanni da yawa daga can ake kawo su. Amma Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Bauchi kuwa wajen rabin haka, kuma wannan bambancin shi ke kashe shuka. Fulawar da ta taso a sanyin Filato, aka sauke ta yau aka rataye ta a rana gobe, ba ta kai mako biyu. A tambayi mai sayarwa wadda ta daɗe a hannunsa, a ɗauki mai ƙunshin fure da bai buɗe ba, a bar wadda ta gama buɗewa ko da ita ce ta fi jan ido.

Ga rana tsantsa, fotulaka ce sarauniya. Asalinta Kudancin Amurka, dangin ciyawar nan ce da ake kira harshen saniya, ganyenta na ajiye ruwa. Wasu na ce mata fulawar ƙarfe goma, don sai hantsi ya ɗaga take buɗewa, da yamma ko ranar hadari ta rufe. Ba a ma bukatar sayen ta: a karyo rassa takwas zuwa goma masu tsawon yatsa daga maƙwabta, a soka a ƙasa, cikin mako guda sun kama. Tana son rana awa shida ko fiye, kuma yawan ruwa ne kaɗai ke kashe ta.

Finka, mai fure fari ko ruwan hoda da ake gani a harabar makarantu da ofisoshi, asalinta Madagaska, tana fure kusan duk shekara. Guda uku sun ishi kwandon santimita 30. A tsinke kanta tun tana ƙarama don ta yi rassa, in ba haka ba sai ta miƙe kamar sanda. A Agusta a matsar da ita ƙarƙashin rufi. Duk jikinta guba ne, kada a bar busasshen ganyenta inda awaki ko yaro mai rarrafe za su tsinta.

Fetuniya, mai fure kamar bakin kakaki launi-launi, ita ce mafi kyau, kuma baƙuwar hunturu ce. A dasa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, a riƙa tsinke furen da ya yanƙwane, za ta yi ado har ƙarshen Fabrairu. Da zafin Maris ya shigo ta gama, kuma ba laifin mai ita ba ne. Wanda ya saye ta a Afrilu ya ba mai sayarwa sadaka.

Shukar nan mai ganye shunayya da rassa masu gaɓa-gaɓa tana jure rana da rabin inuwa, tana zubowa da kyau, tana kamawa daga reshe. Rassanta dai na karyewa a iska, ruwanta kuma yakan sa wasu ƙaiƙayi.

A inuwar baranda, fotos mai ganye kamar zuciya ba ta da wahala: ruwa duk kwana biyu ko uku, rana kai tsaye kuwa tana ƙona ta. Ita ma ba ta taunuwa, tana ƙona baki. Masu ganye kamar gashin tsuntsu da ake kawowa daga kudu laima suke so, hunturu na busar da bakin ganyensu komai ruwan da aka ba su.

Akwai kuma biyu da ake rainawa. Reshen dankalin Hausa uku a jarka, cikin wata guda ya zubo kore shar, sai dai mashayin ruwa ne. Na'ana'a a roba, a gefen da ke samun ranar safe, ga ado ga na shayi.

Ƙasa, dashe da ratayewa

Ƙasar tsakar gida ita kaɗai ba ta yi: jigawa ruwa ke wucewa ta cikinta, laka kuma ta daskare ta yi nauyi. A haɗa kwano biyu na ƙasar lambu, kwano ɗaya na takin shanu da ya kwana aƙalla wata uku, kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa, da tafi biyu na garin gawayi. Takin da ya nuna ba ya wari, ba ya ɗumi, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa cikin kwana kaɗan. Ɓuntun in an ɗan babbaka shi ya yi baƙi ya fi, don ɗanye yakan tsiro da shinkafa. Ga fotulaka, a rage takin rabi a cike da yashi.

Kada a jera duwatsu a ƙasan kwando. Nauyi kawai suke ƙarawa, suna kuma cinye wurin saiwa. Tsingaro ɗaya a kan huda ya isa. A bar yatsu biyu tsakanin ƙasa da bakin kwando don ruwa ya sami wurin tsayawa. A yi dashe da yamma, a ba shi ruwa har ya ɗiga, a ajiye a inuwa kwana huɗu ko biyar kafin a rataye.

Silin ba ya ɗaukar kwando, ko na allo ne ko na roba ko na filasta. Ƙugiya sai a jikin katakon rufi, ko a kankare da noti mai buɗewa a cikin rami, ko ƙarfen da mai walda ya lanƙwasa aka ɗaure a bango. Kafin a amince da ita, a rataya jarkar ruwa ta lita 20 ta kwana, kilo 20 ke nan, ninkin abin da za ta ɗauka. Kada a rataye saman inda ake shimfiɗa tabarma, ko hanyar wucewa, ko ƙarƙashin indararo. In rufin kwano ne ba silin, a sauko da kwandon aƙalla rabin mita, don zafin kwanon na gasa shi daga sama. Gabas ta fi yamma: bangon yamma yana riƙe zafin la'asar har dare. A tanadi wurin ajiyewa a ƙasa tun Maris, ba a fafe gora ranar tafiya, in hadari ya haɗo da iska a sauke kaskon kafin komai.

Ban-ruwa da taki

A soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu: in ya fito a bushe a ba da ruwa, a hankali, har ya ɗiga ta ƙasa. Lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ce ga kwandon santimita 30. Da asuba ko bayan la'asar ya fi, kuma a taɓa ruwan tanki tukuna, da rana yakan yi zafin wanka. Ruwan alwala da aka tara a baho yana yi sarai. Ruwan wanki da na wanke-wanke kuwa a'a.

In ruwa ya wuce nan take amma shukar na nan a langwaɓe, ƙasar ta bushe ta janye daga jikin kwando ne, ruwan na bin gefe. A sauke kwandon, a tsoma a baho rabin awa. In ganye ya yi rawaya ƙasa kuma jiƙe take, ruwa ne ya yi yawa ko huda ta toshe. Farin ɓawo a saman ƙasa gishirin ruwan burtsatse ne ko na taki, sau ɗaya a wata a kwarara ruwa mai yawa ya wanke shi.

Yawan ban-ruwa yana wanke abincin ƙasa, don haka daga mako na huɗu a narka ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a ruwa lita 5, a ba su duk mako biyu, bayan an riga an jiƙa ƙasar. Yuriya ganye take sawa, fure ya ƙi zuwa. A hunturu a wanke ƙurar ganye sau ɗaya a mako, har ta ƙarƙashinsa, don a nan ƙananan ƙwari ke taruwa. In an ga darɓa ko farin ƙwaro mai kama da auduga, a daka ganyen dogon yaro tafi biyu, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma, a maimaita bayan kwana biyar. Duk mako a juya kwandon, in ba haka ba gefe ɗaya ne zai yi fure.

Wa ya dace da wanne

Ma'aikacin da ke fita da safe sai magariba, ko mai yawan tafiya: farar roba ko jarka, da fotulaka ko mai ganye shunayya. Ko an tsallake yini ba za su mutu ba.

Gidan da ruwan famfo ba kullum ba, ana saye a wurin 'yan ga-ruwa: roba mai huda a gefe, kwando biyu ko uku kawai, waya kuwa a manta da shi.

Uwargidan da ke gida, tana da lokacin ban-ruwa safe da yamma, baranda kuma na shan rana: ƙaramin kasko a zoben ƙarfe, da finka ko fotulaka.

Mai son ado na gani na faɗa a ƙofar gida, otal ko shago, kuma akwai wanda aikinsa ke nan: kwandon waya mai leda a ciki, fetuniya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a maye gurbinta da fotulaka a Maris.

Gida mai ƙananan yara da awaki: roba mara nauyi a kan sarƙa, da na'ana'a ko dankali, ban da finka da fotos, ban da kasko a saman tsakar gida.

Ɗan haya da ba a yarda ya huda bango ba: jarka ko ƙaramar roba a maƙale a ƙarfen taga ko na baranda, a ɗaure da waya wuri biyu. Zaure da falo kuwa, ƙwarya mai roba a ciki da fotos, kusa da taga.